Ƙas-ƙas a saman inji: maganin wanki zai kashe ta, ko sai an kwance?

Mai Hilux, Aboabo:
Assalamu alaikum, mastoci da 'yan'uwa, sannunku da aiki. Shawara nake nema kan Hilux 'yar 2010, mai fetur, injin 2TR lita 2.7, ta ci kilomita 280,000 da 'yan kai. Da safe in an tashe ta sai a ji ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji kamar keken ɗinki. Da can minti biyu take yi ta ɗauke, yanzu kuwa ko inji ya yi zafi ana jin ta ƙasa-ƙasa a silo, wato in mota na tsaye inji na aiki ba a taka totur ba. Fitilar mai ba ta kamawa, ba hayaƙi, ƙarfinta bai ragu ba. Baƙin man da ke ciki 20W-50 ne. Wani ya ce a zuba maganin wanke inji, wani ya ce dizal ma ya isa. Wanne ne daidai, kuma nawa ake zubawa?

Masta Suame:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin a zo ga nawa za a zuba, a fara gano mai kukan tukuna. Abubuwa da yawa suna yin ƙas-ƙas a saman inji, kuma guda ɗaya ne kaɗai cikinsu maganin wanki yake yi wa aiki, wato tafet mai aiki da mai da dauɗa ta toshe. Sauran duk ɓarnar kuɗi ce.

Sa'arka ɗaya, 2TR irin wannan tafet ɗin gare shi, guda 16, kowane bawul da nasa. Kowanne ɗan ƙaramin bututu ne mai fistin a ciki, da sifirin, da 'yar ƙwallon ƙarfe mai rufe hanya. Famfon mai yana turo mai ta wata 'yar ƙaramar ɓula ya cika shi, ƙwallon ta rufe, man ya kulle a ciki, sai tafet ɗin ya tsaya tsaf ya cike gibin da ke tsakanin bawul da kam, sandar da ke juyawa tana danna bawul. In ƙwallon ta ƙi zama daidai saboda dauɗa, ko ɓular ta tsuke, ko fistin ya maƙale da ƙonannen mai, tafet zai yi laushi, gibi ya buɗe, duk zagayen kam sai ƙarfe ya doki ƙarfe. Ƙarar da kake ji kenan, in har shi ne.

Ka samo doguwar sukundireba, ka ɗora bakinta a kan murfin bawul, mariƙin a kunnenka, kana matsawa daga silinda ta 1 zuwa ta 4. Ka kula da fanka da bel, kada babbar riga ta shiga. Sannan ka ɗora a kan kowane nozul, sannan gefen bulok a ƙasa. Inda ƙarar ta fi fitowa rangwal, ka dawo ka gaya mana.

Fitan Asawase:
Masta ya faɗi daidai. Ƙari kaɗan: kamshaf, wato kam, rabin gudun karanshaf yake yi, babbar sandar ƙasa da fistin-fistin na silinda ke juyawa. In silo yana 700 a minti, kam yana 350, wato tafet ɗaya zai buga kusan sau shida a daƙiƙa. In ka taka totur bugun zai ƙara sauri daidai da inji, amma ƙarfinsa ba ya ƙaruwa sosai, wani lokaci ma sai ya ɓace cikin rurin inji.

Masta Suame:
Haka ne, amma ƙirgen nan ba ya raba gardama shi kaɗai. Nozul ma sau ɗaya yake bugawa a zagaye biyu, yoyon manifol na salansa ma haka. Duk gudunsu ɗaya. Wuri da lokaci ne suke bambanta su.

Nozul: ƙararsa siririya ce, tik-tik, iri ɗaya a duk huɗun, sanyi da zafi. Wannan lafiyarsa ce, ba cuta ba. Ka zare soket ɗinsa, in ƙarar ta ɗauke shi ne.

Manifol: yana da ƙarfi da safe, inji na yin zafi ƙarfe ya kumbura ya rufe tsagar, ƙarar ta ragu. Tana ƙaruwa in mota ta ɗau kaya ko tana hawa tudu. Ka haska tocila inda manifol ya haɗu da top silinda, za ka ga baƙin toka ya fesa, ko kusa ɗaya ta karye. Mutane da yawa sun wanke inji sau biyu sau uku alhali gaskit ɗin manifol ne ya ƙone.

Filogi da ya saki shi ma yana yi, cis-cis, ka ciro koyil ka gwada ɗaurinsa. Sai wadda ba a so: ƙarar metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa. Ita daga ƙasa take, mai nauyi, gwaf-gwaf, tana fitowa in ka taka totur ka saki. Ka zare koyil ɗaya bayan ɗaya, in ka zo kan silindar da abin yake sai ƙarar ta yi sanyi. Tafet kuwa ko ka kashe silindar ba ya fasa kuka, domin kam na ci gaba da juyawa. In metal ne, duk wani abu mai tsinka mai da ka zuba ka ƙarasa injin kenan.

Direban Bolga:
Ni dai abin da na san ana yi tun tale-tale: a rage baƙin mai lita ɗaya, a cika da dizal ko kananzir, a bar inji a silo minti goma, a juye. Baƙi ƙirin yake fitowa. Kuɗin gwangwanin nan na Turawa ai gara a sa a taya.

Masta Suame:
Direba, baƙin da kake gani ba shaida ba ce, man da ya yi kilomita 5,000 ko ba ka zuba masa komai ba baƙi zai fito. Matsalar dizal ita ce ba ya ɗauke da komai na kare ƙarfe. Metal da karanshaf ba sa taɓa juna, a kan siririn shimfiɗin mai suke yawo, kuma kaurin man ne ke riƙe wannan shimfiɗi. Dizal kusan ruwa ne in aka kwatanta da baƙin mai mai zafi. Lita ɗaya cikin biyar ba ƙaramin tsinkawa ba ne, musamman a injin da metal ɗinsa ya riga ya ci kilomita 280,000. Sannan ba duka yake fita ba, akwai wanda ke saura a hanyoyin mai da cikin top silinda, ya gauraye da sabon man da ka saya da tsada. Tsofaffin injuna masu faɗin gibi sun jure wannan dabarar, shi ya sa ta yi suna. Inji mai VVT-i (tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul da ƙarfin mai) da sarƙar taimin mai matsewa da ƙarfin mai ba irinsu ba ne. Garin neman gira kada a rasa ido.

Hajiya Mai Baƙin Mai, Alabar:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in raba muku kayan, domin masu saye suna haɗa su wuri ɗaya su ce “maganin inji”, alhali iri uku ne kuma aikinsu ya saɓa.

Akwai mai wankin gaggawa, irin Engine Flush na Liqui Moly. Wannan ana zuba shi ne cikin tsohon mai inji na da zafi, a bar shi a silo minti 10 zuwa 15, ba a taka totur, ba a motsa mota ko taku ɗaya, sannan a juye a canza filta. Gwangwanin mililita 500 na lita 5 ne.

Akwai mai wanki a hankali, wanda ake tafiya da shi. Na tafet na Liqui Moly mililita 300 ne, ya ishi mai har lita 6, yana zama a ciki har juye na gaba. Wynn's ma suna da nasu na tafet. Sea Foam, in an samu, awonsa kusan mililita 30 ne ga kowace lita ta mai, wato injin Alhaji ba zai wuce mililita 170 ba, ba gwangwanin duka ba, kuma ana zuba shi ne saura kilomita 160 zuwa 480 a yi juye.

Na ukun shi ne mai kauri kamar zuma, irin STP da Lucas na ƙara wa mai nauyi. Wannan ba ya wanke komai. Rufe ƙara yake yi. In tafet toshewa ya yi, zuman nan ƙara masa wahala zai yi, tunda man da ya kasa shiga ɓular yana da ruwa-ruwa ba zai shiga ba bayan ya yi kauri.

Yaron Gareji, Sawaba:
Hajiya, man giya na otomatik fa, jan nan? An ce ya fi kowanne sabulu.

Hajiya Mai Baƙin Mai, Alabar:
Ɗana, wannan magana ce ta bakin gareji. Cikin giya ba a ƙona komai, ba toka ba hayaƙi, don haka ba a cika masa sinadarin wanki kamar baƙin mai ba. Abin da yake yi shi ne tsinka man, sai ya fi saurin shiga tafet, ƙara ta lafa, a ce ya wanke. Mai mara nauyi na kirki zai yi maka wannan ba tare da ka gurɓata komai ba.

Fitan Asawase:
To ni a nan zan saɓa da masu tsoron wankin gaggawa. In tafet ya maƙale, mai a hankali zai ɗauki makonni, mai mota kuwa yana son jin bambanci yau. An yi maganin ne don wannan aikin, kamfanin da ya yi shi ya gwada. A bi abin da ke jikin gwangwani, a canza filta, shi kenan. Tsoron ya yi yawa.

Masta Suame:
Ɗan'uwa, ba maganin nake tsoro ba, abin da ke cikin injin nake tsoro. Dauɗar inji kala biyu ce. Akwai ja-ja mai sheƙi da ke manne wa ƙarfe kamar fenti, wannan magani yana narkar da ita ta bi mai ta fita. Akwai kuma baƙar laka mai kauri kamar kwalta, wadda ta taru a kusurwoyin top silinda da kaskon mai shekara da shekaru. Ita ba ta narkewa cikin minti goma, ɓantarewa take yi gutsure-gutsure. Ina za ta je? Kaskon mai. Can kuma bakin famfo yake da rariyarsa. Kada a manta, mai yana bi ta rariya ya shiga famfo kafin ya kai filta, don haka filta ba ta kare rariya. Rariya ta toshe, famfo ya ja iska, mai ya yanke wa metal. Kuma ba a gareji abin ke faruwa ba, sai mota ta ɗau hanyar Techiman ta yi zafi sosai. Mai mota ya zo da ƙas-ƙas ya koma da gwaf-gwaf, gyaran gangar Abzinawa kenan.

Saboda haka a duba kafin a zaɓa. Buɗe murfin zuba mai, haska ciki. In ƙarfe na bayyana, launin shayi ko ja-ja, wankin gaggawa ba laifi. In kana iya kwasar laka da yatsa daga bayan murfin, kada a kusanci wankin gaggawa. A cire murfin bawul a kwashe da hannu, a toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa da tsumma kafin a fara kankara, a sauke kasko a wanke rariya. In kuma abin da ke murfin fari-fari ne kamar madara, wannan ruwa ne ya shiga mai, maganar gaskit ce ba ta wanki ba.

Fitan Asawase:
Na yarda da duba murfi. Amma ko a inji mai laka ai ana iya wankewa sannan a sauke kasko nan take, an jefi tsuntsu biyu.

Masta Suame:
Ana iya, in mai motar ya yarda da kuɗin aikin. Sai dai lakar da ta jiƙa ba ta gama faɗowa ranar, tana ci gaba da sakkowa kwanaki bayan an rufe. Shi ya sa na fi son hannu da buroshi a sama, kananzir a wanke kasko da rariya a waje, sannan juye gajere-gajere. Kuma wanda zai mayar da kaskon ya yi hattara da gam. Kaskon 2TR da gam ake liƙa shi. Siririn zare ɗaya ya isa. In aka lafta, abin da ya matso ciki yana yankewa ya tafi rariya, sai a toshe abin da aka zo buɗewa.

Tsohon Fitan Dizal, Sabon Zango:
Salamu alaikum daga Accra. Ina jin tsoron masu manyan motoci su karanta wannan su ruga sayen gwangwani, don haka bari in ja kunne. Yawancin injunan dizal da ke ɗaukar kaya a ƙasar nan ba su da tafet mai aiki da mai sam. Da hannu ake saita gibinsu, da noti da sukuru da fila geji, siraran ƙarafan auna gibi. Isuzu 4JB1 da 4HF1, milimita 0.40 inji na sanyi. Canter mai 4D34 shi ma 0.40 a sanyi. Nissan TD27, 0.35 inji na zafi. 4D56 da ɗan'uwansa na Hyundai H100, 0.25 a zafi. Toyota 5L kuwa da shim ake saita shi, sai an auna a canza 'yar farantin. Irin waɗannan in suna ƙas-ƙas, gibi ne ya buɗe, ko ka zuba gwangwani goma ba zai rufe ba. Aikin awa ɗaya ne da sifana.

Kuma kada fita ya matse su har ƙara ta ɗauke gaba ɗaya don ya faranta wa mai mota. Bawul mai ɗan kuka ya fi mai shiru lafiya. In babu gibi, inji na yin zafi bawul ɗin hayaƙi ba zai zauna daram ba, ba zai sauke zafinsa a kan kujerarsa ba, sai ya ƙone, kwamfireshan ya zube.

Masu Sprinter, naku mai aiki da mai ne, amma kafin ku zargi tafet ku ɗaga murfin roba ku dubi gindin nozul. Wasar tagulla, zoben da nozul ke zama a kai, in ta saki, inji na yin caf-caf, ana jin warin hayaƙi a cikin mota, baƙar kwalta na taruwa kewaye da nozul. Sabuwar wasa da sabuwar kusa ake sawa, a share kujerar. In an bar shi kwaltar na daskarewa har ciro nozul ɗin ya zama yaƙi.

Mai Kayan Gyara, Abossey Okai:
Baba ya tuna min da motocin Amurka da ke saukowa Tema. Ram mai Hemi 5.7 da Silverado mai 5.3 duk an san su da ƙas-ƙas. A Hemi sau da yawa kusoshin manifol ne ke karyewa, wani lokaci kuma tayar da ke gindin tafet ce ke daina juyawa ta cinye kam. A Silverado tafet ɗin da ke kashe silinda don rage shan mai ne ke maƙalewa. In ƙarar ta zo da rawar inji da fitilar cek, ƙarfe ya riga ya ciwu. A yanka tsohuwar filta a buɗe takardar a rana, in ana ganin ƙyalli kamar garin azurfa, a manta da magani.

Ga Alhaji kuma: wace filta ce a jiki? Filta ta ƙwarai tana da robar da ke hana mai zubewa ya koma kasko in an kashe inji. Ta jabu robar ba ta riƙewa, ko ta bushe da zafi, kowace safiya sai famfo ya sake cika hanyoyin tun daga farko, saman inji na gudu a bushe daƙiƙoƙi. Ƙarar safe da yawa daga nan take. Araha ba ta ado.

Mai Hilux, Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An gwada da sukundireba. Ƙarar ta fi ƙarfi a murfin bawul wajen silinda ta 3, ɓangaren salansa. An zare koyil ɗaya-ɗaya, ba ta canza ba. Manifol ba toka, kusoshi cikakku. Cikin murfin mai launin ja-ja ne mai duhu, da 'yar laka kaɗan a bayan murfin, ba mai yawa ba. Gejin mai ya ɗan haura layin sama. Filta ba ta da suna sananne.

Masta Suame:
Madalla, yanzu ana magana. Alamun tafet ne. Amma saura abu ɗaya da bai kamata a tsallake ba: a auna ƙarfin mai. Fitilar da ke dashbod ba ta kamawa sai ƙarfi ya faɗi ƙasa warwas, rashin kamawarta ba ya nufin lafiya. A kwance suwic ɗin mai a ɗaura geji a gurbinsa, inji ya yi zafi sosai, ba na minti biyar ba. Mafi ƙarancin da Toyota ta yarda da shi a silo 0.3 ne a ma'aunin “bar” na geji, amma injin da ke da rai yana ba da fiye da haka nesa. Awon da fitoci ke riƙewa shi ne kusan bar 0.7 ga kowane zagaye 1,000 a minti, wato a 3,000 ka ga bar 2 ko sama. In ya gaza, to tafet ba shi da laifi, yunwa yake ji, shi ne na ƙarshen layi shi ya sa ya fara kuka. A nemi dalilin a rariya, famfo ko metal.

Man da ya haura layi ma a rage. In ya yi yawa karanshaf na dukansa ya yi kumfa, kumfa ta shiga tafet, iska kuwa tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Tafet mai iska a ciki laushi yake yi daidai da mai dauɗa.

Hajiya Mai Baƙin Mai, Alabar:
Kuma a sake duban 20W-50 ɗin nan. An saba da shi a Ghana saboda zafi, kowa ya zo shi yake tambaya. Amma ɓular tafet da hanyar VVT-i ƙanana ne, da safe mai kauri yana jinkirin isa. In ƙarfin mai ya auna lafiya kuma inji ba ya shan mai, 10W-40 ko 10W-30 mai alamar inganci ta API SN zai fi dacewa da wannan injin. A saya a gidan mai ko wurin dila, galan a rufe da hatiminsa. Man da ake aunawa daga durom a bakin titi ba ka san abin da ke ciki ba, wani ma tsohon mai ne aka tace.

Direban Bolga:
Hajiya, in an sauka daga 20W-50 inji ba zai fara hayaƙi da yoyo ba?

Hajiya Mai Baƙin Mai, Alabar:
In ringi ya gaji zai nuna, e. Shi ya sa ake sauka mataki ɗaya, a riƙa duba geji kowane kilomita 500. Yoyo kuwa, mai ba ya huda sil mai lafiya. Abin da ke faruwa shi ne sil ya daɗe da bushewa, laka ce ta toshe tsagar, wanki ya ɗauke lakar sai ɗigo ya bayyana. Mai mota ya sani tun kafin a fara, kada daga baya a ce fita ne ya ɓata.

Mai Hilux, Aboabo:
An auna. Inji da zafi, silo bar 1.1, a 3,000 kuma bar 3.4.

Masta Suame:
Alhamdu lillahi, ƙasa lafiya lau. To ga yadda za a bi. Tunda akwai 'yar laka, a bar wankin gaggawa tukuna. A juye tsohon man inji na da zafi, a bar shi ya tsiyaye minti goma sha biyar. Filta ta asali, a shafa wa robarta mai, a ɗaure da hannu. Injin na cin tsakanin lita 5 da rabi zuwa 6 da filta, don haka a zuba lita 5 na 10W-40, a bi da gwangwanin tafet mililita 300, a tayar minti biyu, a kashe, a jira minti biyar, a cike har ƙasa da layin sama kaɗan.

In ya yi zafi a riƙe totur tsakanin 2,000 da 2,500 na minti goma zuwa goma sha biyar mota na tsaye, ido a kan gejin zafi. Wannan na korar iskar da ke cikin tafet, wani lokaci nan take ƙarar ke ɗaukewa. Bayan haka mota ta hau babbar hanya. Tsayuwa a cunkoson Kejetia da shataletalen Suame ba ta kai mai ga zafin da zai yi wanki. A yi tafiya mai tsawo ba kaya mai nauyi, kamar zuwa Konongo da dawowa. A kilomita 1,000 zuwa 1,500 a sake juye da sabuwar filta, ko da man bai yi kama da ya gaji ba, domin ya ɗauki dauɗa. Kada a haɗa magani biyu lokaci guda, kuma kada a ninka awo.

In fitilar mai ta ko ƙyafta a hanya, a kashe inji nan take a gefen titi, ba “bari in ƙarasa gida”.

Fitan Asawase:
A haɗa da bawul ɗin PCV da ke kan murfi. A ciro a girgiza, in ba ya kacau-kacau ya toshe, kuma toshewarsa ce ke barin tururi da hayaƙi su zauna cikin inji su zama laka. A wanke ko a canza. Akwai kuma 'yar rariya ta hanyar VVT-i, bayan wanki tana tara dauɗa, a ciro a wanke da fetur. Filtar iska ma a duba, hunturu na tafe da ƙurarsa, ƙurar da ta wuce filta a cikin mai take ƙarewa.

Tsohon Fitan Dizal, Sabon Zango:
Tun 2017 da aka rage sinadarin sulfa a dizal ɗin ƙasar nan zuwa 50 cikin miliyan, mai ya daina lalacewa da wuri kamar da, amma wannan bai sa a kai kilomita 10,000 ba a motar da rabin ranarta a silo take. Agogon kilomita ba ya ƙirga awannin tsayuwa. 5,000 ya isa, dizal ko fetur. Kuma don Allah yara, tsohon mai a tara a durom a ba masu saye, kada a tuttule a kwata ya bi rafi.

Mai Hilux, Aboabo:
Mastoci, an yi yadda kuka ce, yau kilomita 1,200, an yi juye na biyu. Ƙarar safe ta ɗauke gaba ɗaya. Amma da zafi a silo har yanzu akwai guda ɗaya, a hankali, wuri ɗaya dai, silinda ta 3.

Masta Suame:
Ta safe filta da man ne suka kashe ta. Wadda ta rage mai yiwuwa tafet ɗin ya ci, ba toshewa ba ce. Ka lura da lokacinta: da zafi, a silo, daidai lokacin da mai ya fi tsinkewa kuma ƙarfi ya fi ƙasa. Fistin ɗin ciki ya sami gibi, mai na zillewa ta gefe da sauri fiye da yadda yake shiga. Magani ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi, kada a ƙara gwangwani.

A cire murfin bawul, a juya inji da hannu har hancin kam ya kalli sama a kan wannan bawul, a danna roka, ƙarfen da kam ke dannawa, da yatsa ta ɓangaren tafet. Mai lafiya tauri gare shi kamar dutse, wanda ya mutu zai nutse. A gwada duk 16 tunda an buɗe. A dubi tayar roka da fuskar kam, in akwai zane ko rami su ma sai an canza, in ba haka ba sabon tafet ba zai yi shiru ba. Sabon kuma kafin a sa, a tsoma shi tsaye cikin mai mai tsabta, a danna ƙwallon da siririyar waya ana tura fistin sau biyar ko shida har kumfa ta daina fita kuma ya yi tauri. A yi wa sarƙa da giyar kam alama da fenti kafin a ɗaga kam, kuma murafen kam kowanne ya koma gurbinsa da fuskarsa, akwai lamba da kibiya a jiki.

Yaron Gareji, Sawaba:
Masta, in an samo na tsohon inji a Magazin, kasuwar kayan gyara ta Suame, fa, ya yi?

Masta Suame:
Ya yi in an gwada shi a mai kafin a biya. A cika shi, a matsa da ƙarfi, in ya nutse cikin daƙiƙoƙi kaɗan a mayar wa mai shi. A ɗauko uku ko huɗu a zaɓa. Gaskit ɗin murfi da robobin ramin filogi kuwa sababbi za a sa, tsofaffin sun riga sun bushe, in aka mayar da su mai zai cika ramin koyil.